Minti uku na shiru a aji biyu

Yau Talata, sha ɗaya saura na dare, yara sun yi barci wuta ta dawo, bari in rubuta kafin a sake ɗaukewa.

Sati guda kenan ina fama da takardar semina ta karatun da nake yi a Samaru, abin da ya faɗo min shi ne wannan da Turawa ke ce wa mediteshan, ni dai zaman natsuwa nake kiransa, mutum ya zauna shiru ya sa hankalinsa kan numfashinsa, in tunani ya kwashe shi ya dawo da shi, shikenan fa. Da farko cewa na yi wai har wannan sai an yi masa bincike? Ashe an daɗe ana yi. Tun 1979 wani Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin sati 8 a jami'ar Massachusetts a Amurka yana koya wa masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A 2003 shi da Richard Davidson na Wisconsin suka gwada a kan ma'aikatan wani kamfani, aka yi musu allurar rigakafin mura, waɗanda suka yi zaman sai garkuwar jikinsu ta fi ta sauran amsa allurar. Na ji daɗin wannan sosai sai da na duba na ga duka-duka mutum 41 ne, ko ajina ya fi su yawa.

To yau bayan asuba na ce bari in gwada da kaina kar in je ina zuba a gaban lakcara kan abin da ban taɓa yi ba. Na zauna kan sallaya, zan ƙirga numfashi zuwa goma. Wallahi a huɗu na tsaya. Gas ya kusa ƙarewa, ankon bikin Asabar yana wajen tela, maigidan bai ce komai ba kan kuɗin makarantar ƙaramin, na farga ina lissafin kwanon shinkafa a kasuwar Sabon Gari. Na koma ɗaya. Sau shida ina komawa ɗaya. Abin da ya ɗan rarrashe ni shi ne binciken wasu 'yan Harvard na 2010, sun bi mutum 2,250 ta waya suka ga kusan kashi 47 cikin ɗari na lokaci hankalin mutum ba ya kan abin da yake yi. Ashe ba ni kaɗai ba ce.

Duk da haka ban daddara ba, a keke napep ɗin da ya kai ni Tudun Wada na yanke cewa zan gwada wa 'yan aji biyu, don bayan tara ba sa jin kira, sun sha gudu cikin ƙurar hunturun nan kowa fari fat. Na shiga na ce kowa ya ajiye biro ya rufe ido minti uku. Wani daga baya ya ɗaga hannu, "Anti waye ya rasu?" Aji ya tarwatse da dariya, ni kaina sai da na juya wajen allo. Da ƙyar suka yi shiru, wasu na leƙe da ido ɗaya, ɗaya na jan numfashi da ƙarfi kamar mai busa wuta don a yi dariya. Da na ce a buɗe ido kowa ya buɗe ban da wata yarinya a gefen taga, ta kifa kai a benci barci take da gaske har da miyau a hannun hijabi. Na tashe ta a hankali, ta ce yi haƙuri Anti, tun ƙarfe huɗu take tashi ta kai niƙan wake don ƙosan mamarta. Na rasa me zan ce mata. Na bar ta ta ƙara minti biyar.

Da la'asar na biya gida cikin gari ta Ƙofar Doka na tarar da Inna da carbinta, na ba ta labari. Ta kalle ni ta ce ke 'yar nan, zaman shirun ma sai Bature ya koya miki? Na ce Inna ai naki ibada ce, wannan kuwa likitoci ne ke aunawa. Ta ce to su auna, ta ci gaba da jan abinta.

Sai da daren nan na karanta sauran takardun da na tsallake, da ma na fara da su. A 2014 masu bincike a Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47, suka ce eh yana ɗan rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, amma ba su ga ya fi motsa jiki ko magani ba. Wanda ya fi taɓa ni na Birtaniya ne da ya fito a 2022, makarantu 84, yara sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14, daidai sa'annin 'yan ajina. An horar da malamai, an yi darussan tsaf, ƙarshe ba a ga bambanci ba a lafiyar tunanin yaran, yawancinsu ko gwadawa ba sa yi in sun koma gida. Malaman ne ma aka ce gajiyarsu ta ɗan ragu na ɗan lokaci, wannan kam ta ba ni dariya, wato mu ne masu buƙata.

Yanzu dole in sake rubuta sashe na uku, don na riga na rubuta wai a saka shi a manhaja. Gobe zan sake gwada ƙirgar in ga ko zan wuce huɗu, ita kuma yarinyar zan maida ta bencin gaba in ga ko zan samu ganin mamarta.