Sashen mata a masallaci: gyaran da ake yi tun cikin Sha'aban

Idan Sha'aban ya kama, kwamitin masallaci yakan zauna ya tsayar da wanda zai ja tarawihi, da malamin da zai yi tafsiri, da yadda za a samu wuta. Maganar sashen mata kuwa sai ana shirin tashi, in ma an tuna da ita. Alhali babu watan da mata suke cika masallaci kamar watan azumi. Ɗakin da ya yi wata 11 a rufe, ko ya zama ma'ajiyar tsofaffin tabarmi, shi ne za a buɗe a daren farko a ce su shiga.

Zuwan mace masallaci ba abin jayayya ba ne a asalinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya ce kada a hana bayin Allah mata masallatan Allah. A ruwayar Muslim, da ɗansa Bilal ya ce wallahi sai mun hana su, Ibn Umar ya yi masa faɗa mai tsanani. Abu Dawud ya kawo ƙarin cewa gidajensu sun fi musu alheri, an kuma sharɗanta musu fita ba tare da turare ba. Malamai da dama sun taƙaita fitar saboda gudun fitina, suna kafa hujja da maganar Nana A'isha cewa da Annabi ya ga abin da mata suka ƙirƙiro bayansa da ya hana su. Duk wannan sananne ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masallaci yana iya hana mace zuwa ba tare da kowa ya ce mata kada ki zo ba. Ƙofa mai duhu, lasifikar da ba ta aiki da famfon da ba ruwa sun isa su mayar da ita gida.

Masallacin Madina a zamanin Annabi ba shi da bango ko labule tsakanin maza da mata. Maza suna gaba, mata suna baya. Ummu Salama ta ce idan ya yi sallama mata sukan tashi nan take, shi kuma ya ɗan dakata a wurinsa har su wuce kafin maza su fita. An ware musu ƙofa, har yau ɗaya daga cikin ƙofofin masallacin sunanta Babun Nisa'i. Yakan gajarta salla idan ya ji kukan yaro don kada ya wahalar da uwarsa. Ummu Hisham 'yar Harisa ta ce daga bakinsa ta haddace Suratu Ƙaf, saboda yawan karanta ta da yake yi a kan mumbari ranar Juma'a. Wato suna ji sosai, kuma an yi tsarin da su a zuciya.

A fara da awo, domin a nan ake yawan yaudarar kai. Mai salla ɗaya yana buƙatar kimanin santimita 60 a faɗi da santimita 120 a tsawo don ya yi sujada ba tare da kansa ya taɓa ƙafar na gabansa ba. Ɗaki mai mita 8 a faɗi da mita 6 a zurfi zai ɗauki sahu 5. Idan aka bar hanyar wucewa ta mita 1 a gefe, kowane sahu zai ɗauki mutum 11, jimilla 55. Ba a lissafa jakunkuna da yaran da za a kwantar ba. In mata 100 ake sa ran zuwansu a goman ƙarshe, tun yanzu za a san inda za a yi rumfa a shimfiɗa tabarmi a haɗe da ɗakin, a ja layin sahu daidai da alƙibla. Sahun waje da ba a ja masa layi ba yakan bi katanga ne, katanga kuwa ba lallai ta fuskanci alƙibla ba.

Game da sahu akwai kuskure da ya yaɗu. Hadisin Muslim ya ce mafi alherin sahun mata shi ne na ƙarshe, sai mata su riƙa taruwa a bakin ƙofa su bar gaba fayau, masu shigowa su rasa hanya. Imam Nawawi ya bayyana cewa wannan hukuncin na matan da suke salla tare da maza ne a wuri ɗaya. Idan suna keɓe, sahunsu kamar na maza yake, a cika na farko kafin a fara na biyu.

Sauti shi ne ran sashen mata, kuma shi ne ya fi lalacewa. Wadda ba ta ganin liman ba ta ganin mamu, da kunne kaɗai take bin salla. Matsalar takan fito ta hanya uku. Ko dai lasifikar mata tana kan layi ɗaya da ta waje, sai a rage ƙara saboda maƙwabta a rage har da tasu. Ko kuma makirfon yana kan sanda a tsaye, idan liman ya sunkuya ruku'u ko ya yi sujada kabbararsa ba ta shiga. Ko wuta ta ɗauke, maza suna jin muryar liman kai tsaye, mata kuwa shiru, a bar su a sujada ba su san an ɗago ba. Maganin na farko shi ne a ja wa sashen mata wayarsa daban daga amfilifaya, da maɓallin ƙararsa daban. Na biyu, a samu ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, ko a ajiye na biyu a ƙasa kusa da wurin sujada. Na uku, a ɗora na'urar sautin a kan batir ko inbata don kada ta mutu a 'yan daƙiƙun da ake tayar da janareta, sannan a tsayar da mai ɗaga murya a kusa da ƙofa ko tagar da ke tsakanin sassan biyu, ya riƙa maimaita kabbara idan sauti ya yanke. Gwajin kuma a cikin ɗakin matan ake yin sa, a sahun ƙarshe, fankoki suna kunne, domin ƙarar fanka tana cinye karatu.

Ko sautin yana da kyau, akwai wurare biyu da ake rikicewa. Na farko sujadar tilawa: liman ya kai ayar sujada ya yi kabbara ya faɗi ƙasa, mata su ɗauka ruku'u ne. Na biyu sujadar ƙabli ko ba'adi. Liman mai lura yakan sanar kafin a tayar da salla cewa akwai sujadar tilawa a raka'a kaza. Ya fi kyau ma a yi shingen yadda na sahun gaba za su iya hango motsin mamu: labule mai ɗan shara-shara, katako mai huji-huji, ko allon talabijin da ke nuna liman. Bangon siminti har rufi yana ba da sutura, amma yana raba mamu da limaminsu. Idan duk da haka sauti ya yanke gaba ɗaya a tsakiyar salla kuma babu alamar dawowarsa, kowace ta yi niyyar rabuwa da liman ta ƙarasa sallarta ita kaɗai. Wannan hukunci ne da ya kamata a karantar tun daren farko.

Wurin alwala na mata dole ya zama a rufe, domin za su buɗe hannu da kai da ƙafa. Famfon da aka kafa a fili inda maza ke wucewa, tamkar babu shi ne. A duba magudanar ruwa, a guji tayil mai santsi, a sa wurin zama saboda tsofaffi da masu juna biyu. Banɗaki ɗaya ba ya isar mata da yara a daren tahajjud, kuma a ajiye kwandon shara mai murfi, in ba haka ba kunzugun yara ne zai toshe masai. Ƙofar shiga ta kasance da fitila har zuwa bakin titi. Idan sashen yana saman bene, a ware wani wuri a ƙasa saboda waɗanda gwiwa ba ta barin su hawa, a jera kujeru a ƙarshen sahu. Sannan kada a taɓa kulle ƙofar mata da kwaɗo ana cikin salla da sunan tsaro. Ɗaki mai cike da mutane da ƙofa ɗaya tak wadda ke buɗewa ciki, haɗari ne babba idan gobara ko firgici ya tashi.

Mai haila ba ta zama a cikin masallaci a wajen mazhabobin nan huɗu, amma babu abin da ya hana ta sauraren tafsiri. Rumfa ko baranda da ba a ƙidaya ta cikin masallaci ba, mai lasifika, za ta wadatar da ita, za ta kuma yi wa masu ƙananan yara amfani. Duk waɗannan abubuwa matan da ke salla a wurin sun fi kowa sanin su. A ba biyu ko uku daga cikinsu makulli da alhakin kula da sashen, a kuma ba su hanyar isar da ƙorafi ga kwamiti kai tsaye.

Ita ma mace tana da nata shirin, kuma farkonsa ramuwa. Nana A'isha ta ce ramuwar Ramadan takan kasance a kanta ba ta samun biya sai a Sha'aban, don haka jinkirtawa zuwa wannan wata halal ne. Abin lura shi ne lissafi. Sha'aban kwana 29 ne ko 30, kuma al'adar wannan watan ma za ta ci nata kwanakin. Wadda ake bi kwana 7 ta bari sai makon ƙarshe, jini yana iya zuwa ya rufe mata ƙofa. Idan wani Ramadan ya riske ta ba ta rama ba kuma babu uzuri, a wajen Malikiyya, Shafi'iyya da Hanbaliyya za ta rama daga baya ta kuma ciyar da miskini mudun Nabiyyi ɗaya a kan kowace rana, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum. Hanafiyya sun ce ramuwa kaɗai. Hanin da aka yi na gabatar Ramadan da azumin kwana ɗaya ko biyu bai shafi mai ramuwa ba.

A mazhabar Malikiyya niyya ɗaya a daren farko ta wadatar wa watan duka, amma idan haila, biƙi, tafiya ko rashin lafiya suka katse azumin, sai an sabunta ta kafin alfijir. Nan ne mata da yawa suke mantawa. Wadda ta ga tsarki kafin alfijir za ta ɗauki azumi ko da wankan sai bayan alfijir ta yi shi. Wadda jini ya zo mata kafin faɗuwar rana, ko da da minti kaɗan ne, za ta rama wannan ranar. Tsarki kuma da bushewa ko farar kumfa ake gane shi, ba da ƙidayar kwanaki kawai ba.

Masu shan ƙwayar jinkirta al'ada don su azumci watan duka su sani cewa malamai da dama sun halatta in babu cutarwa, amma ba a fara ta da ka. Irin su norethisterone ana fara su ne kimanin kwana 3 kafin ranar da ake sa ran jini, kuma ba su dace da wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya ba. Wani lokacin sukan jawo ɗigon jini da zai bar mace cikin ruɗani, ba ta san haila ba ce ko jinin ciwo. A ganina wadda ta karɓi rangwamen da Allah ya yi mata ta rama daga baya ta fi samun natsuwa. Mai ciwon suga, mai hawan jini da mai juna biyu su ga likita makonni 6 zuwa 8 kafin azumi don a gyara lokutan magani. Gwajin suga da ɗan yatsa ba ya karya azumi, kuma idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin mg/dL, a karya azumin nan take.

Mai son sauke Alƙur'ani ta yi lissafi da kwanakinta na gaskiya. Bugun Madina shafi 604 ne, shafi 20 a rana, wato 4 bayan kowace salla, zai kai ta shafi na 600 a kwana 30, saura shafi 4 ta sauke. Idan za ta ajiye Mus'hafi na kwana 7, to shafi 26 zuwa 27 take buƙata a sauran kwana 23. Malikiyya sun yarda mai haila ta yi karatu da ka, ga kuma sauraro. Sai dai duk wannan lissafin banza ne idan daga azahar zuwa isha tana gaban murhu. Tun ran gini ran zane: a zauna da mai gida da yara tun yanzu a rage yawan kalolin buɗa-baki, a raba aiki, a tsayar da dararen da za ta je tarawihi da wanda zai zauna da ƙanana.

I'itikafi kuma matan Annabi sun yi shi a bayansa, kamar yadda Nana A'isha ta faɗa. Hanafiyya sun ce mace ta yi shi a wurin sallarta na gida, sauran mazhabobin suka ce sai a masallaci, da izinin miji. Masallacin da zai karɓi mata a goman ƙarshe yana buƙatar wurin kwana mai sutura, banɗaki da wurin wanka a cikin sashen, rajistar sunaye da lambar wanda za a kira in wani abu ya taso, da wata babba da za ta kwana tare da su. Wanda bai da waɗannan ya sanar tun kafin 20 ga wata, don masu niyya su nemi wani masallacin da wuri.