Asabar ta ruwa, ni da Kawu da mutanen Gibbs

Ruwan da aka wuni ana tafkawa ya hana ni zuwa kasuwa, wuta kuma ta yi mana kara ba ta ɗauke ba, sai na ce bari in ƙarasa zangon farko na NCIS, shirin talabijin na masu binciken laifi, da na daɗe ina ja. Kashi 23 ne. Tashar CBS ta Amurka ta fara nuna shi ranar 23 ga Satumba 2003, aka rufe zangon a watan Mayu 2004. Ni daga tsakiya na san shirin, lokacin da jami'ai Ziva da McGee sun riga sun zama 'yan gida, don haka komawa farko ta zame mini kamar duba tsohon hoton dangi, fuskokin dai su ne amma kowa da sauran ƙuruciyarsa. Wayoyinsu masu murfi, kwamfutocin ofis masu ƙaton ƙeya, McGee kuwa sai a kashi na bakwai ya ɓullo, yana rawar jiki a gaban Gibbs, shugaban tawagar.

Abin da na fi so a zangon nan shi ne yadda ba wanda ya san su. Duk inda suka nuna katin aiki sai an yi musu kallon su waye ku. A kashin farko ma wani mai gadi a filin jirgi tambaya ya yi ko irin CSI ce, wato wani shirin binciken laifi na talabijin. Alhali NCIS hukuma ce ta gaske, ta farar hula, mai binciken manyan laifukan da suka shafi sojojin ruwan Amurka da dakarun Marine, tun 1992 take amsa wannan suna. Wannan raini shi ya ba kashin farko armashi. Wani hafsan sojan ruwa ya faɗi ya mutu a cikin jirgin shugaban ƙasa, FBI na son gawar, masu tsaron shugaba na so, Gibbs ma na so. Ƙarshenta FBI suka ɗauki jakar gawa suka tafi da murna, ashe DiNozzo, ɗaya daga cikin mutanen Gibbs, ne kwance a ciki da ransa. Da suka gano sai suka jefar da shi a bakin titi. Na koma na sake kallon wurin nan da safe don dariya kawai. A nan ne kuma Kate Todd ta bar aikin tsaron shugaba, Gibbs ya ɗauke ta.

Bayan la'asar Kawu ya faɗo gidan a jiƙe, ruwa ya tare shi a hanyarsa ta dawowa daga gaisuwar mutuwa. Na ba shi tawul, na dafa masa shayi mai citta, na kai hannu zan kashe talabijin. Ya ce, "Bar shi, 'yata, ci gaba da abinki." Kawu na cikin dattawan da ake kira idan an yi rasuwa a unguwa, shi ke wanka da haɗa gawa shekara da shekaru. Sai ga shi an hasko ɗakin binciken gawa, Ducky ya sunkuya a kan wani saurayin soja yana yi masa magana a hankali, yana kiransa yaron kirki, yana tambayarsa abin da ya same shi. Na ɗauka Kawu zai tashi. Ya ajiye kofin ya matso.

"Wannan tsohon likita ne?"

Na ce, "E, Kawu, shi ke gano abin da ya kashe mutum."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce yankan nan bai kwanta masa ba ko kaɗan, amma in lura da yadda mutumin ke juya kan mamacin da hannu biyu, ba ya fizga, ba ya sauri. Ya ce da yawa cikin samarin da ke zuwa taya shi aiki sai sun shekara kafin su koyi haka. Na gaya masa ɗan wasan, David McCallum, mutumin Sukotland ne, ya rasu a Satumba 2023 yana da shekara 90, bayan ya yi shekara ashirin a shirin. Kawu ya gyaɗa kai ya ce to ai shi ma ya je inda ake zuwa.

Don ya fahimci ƙarshen, sai na mayar da mu kashi na 16, wanda nake ganin ya fi kowanne a zangon. Wani mutum ya sa an kawo shi cikin jakar gawa har cikin ofishinsu da ke Washington, ya zuge jakar ya fito da bindiga, ya tsare Ducky da mataimakinsa Gerald da Kate. Ba ya ihu, ba ya zagi, magana yake cikin ladabi, a haka ya harbi Gerald a kafaɗa. Kate ta samu damar soka masa wuƙar tiyata ta kasa, daga baya ta ce idanunsa ne ta ga kamar na mai tausayi. Ya harbi Gibbs ma ya sulale. Daga nan Gibbs, mutumin da aikinsa shan kofi da sassaƙa jirgin ruwa a ɗakin ƙarƙashin gidansa, ya daina samun barci, kullum kwamfuta na laluben fuskar nan.

A nan ne nake da magana da masu shirin. An yi shi shekara biyu bayan harin 11 ga Satumba 2001, a shekarar da Amurka ta shiga Iraƙi, kuma tsoron lokacin ya cika shi. Kashin farko ɗan ta'adda ne ya yi shigar ɗan jarida. Akwai kashin da aka je har Guantanamo, inda Amurka ta tsare waɗanda take zargi da ta'addanci, ana nuna wurin kamar ofishi ne kawai da ake aiki. Duk sanda aka so barazana ta yi girma, to sunan da za a ji daga Gabas ta Tsakiya yake. Musulmi mai kallo ba zai kasa jin wannan a jikinsa ba. Amma in aka bi kashi-kashi, yawancin masu kisan na gida ne, abokin aiki ko mata ko wanda kuɗi suka rufe wa ido, kuma waɗannan labaran sun fi daɗi, don a cikinsu ne ake ganin aiki. Abby na ɗakin gwaji da kiɗanta mai tsaga kunne tana bin zanen yatsa da harsashi, Gibbs yana nanata dokokinsa, kada a bar waɗanda ake zargi wuri ɗaya, a sa safar hannu, kada a yarda da abin da aka ji sai an sake dubawa. Ta ƙarshen nan da ana binta a rukunin WhatsApp na danginmu da an huta.

Kashin ƙarshe ya warware sunan mutumin, Ari Haswari, wai ɗan leƙen asirin hukumar Mossad ta Isra'ila ne da aka dasa a cikin Hamas, saboda haka manya suka ce ba a taɓa shi. Gibbs ya nemi a haɗa su a ɗakin da abin ya faru, ya ɗirka masa harsashi a kafaɗa, ya fita abinsa. Ƙanwata da muke kallo tare ta yi tafi. Ni kuwa ban ji an biya ni ba, ramuwa ce kawai aka yi wa ado, mai laifi kuma ya tafi da izinin hukuma. Na san abin da Ari zai yi wa Kate a ƙarshen zango na biyu, na dai ja bakina don kada in ɓata wa yarinyar kallo.

Kawu ya tafi kafin magariba da lemar Baba, bai jira ƙarshen ba. Ina cikin kwashe tuwo bayan isha'i sai ga kiransa. Na ɗauka wani abu ya mance.

"'Yata, yaron nan da aka harba a kafaɗa, ya tashi kuwa?"

Na ce ya rayu, Kawu, sai dai wani mai suna Palmer ne ya karɓi aikinsa wajen likitan.

Ya ce to madalla, in gaya wa Baba gobe zai aiko da lemar.