Alƙawarin da ba a rubuta ba: abin da na fita da shi daga Tsangayar Shari'a

Tun da na miƙa makullin ofis a ƙarshen zangon da ya wuce wayata ba ta huta ba. Wasu ban haƙuri suke yi, wasu kuwa ƙarin bayani suke nema don su samu na kaiwa gaba. Waɗanda muka zauna da su a tsangaya sun san labarin alƙawarin da shugabanmu ya yi mini ya saɓa har na ajiye aiki, ko in ce sun san rabinsa. Saboda ƙananan malaman da aka ɗauka bayanmu nake wannan rubutu, musamman wanda zai gaji kwas ɗin dokar kwantiragi na 'yan aji biyu, don kada ya fara jin zancen daga bakin da ya fi nawa ƙarfi a wurin.

Duk wanda ya koyar da kwas ɗin nan ya san yadda abin yake. Kana tsakiyar Katsina, zafi ya ishi kowa, ga ka kana ba yara labarin wata mata a Ingila da ta sayi maganin mura na shaƙawa, saboda kamfanin ya yi talla cewa zai biya fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da shi kuma mura ta kama shi, har ya ajiye fam 1,000 a banki don a san ba wasa yake ba. Shari'ar Carlill ke nan, wadda aka yanke a ƙarshen 1892. Mako na gaba sai ta Balfour ta 1919, mijin da ke aiki a Silon (Sri Lanka ta yau) ya yi wa matarsa alƙawarin fam 30 duk wata, kotu ta ce maganar cikin gida ce, ba a yi ta da niyyar zuwa gaban alƙali ba. Ba laifin kowa ba ne. Dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900 su aka ɗora mana, ta wannan ƙofa dokar sayar da kaya ta 1893 ta shigo, kuma littafin dokar kwantiragi na Farfesa Sagay da kowane ɗalibi ke rungume da shi a kan wannan tubali aka gina shi. Ban raina ko ɗaya ba, da su na ci abinci.

Abin da ya riƙa ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaran da ke gabana iyayensu kullum cikin ƙulla ciniki suke, amma ba ko ɗaya daga cikin irin nasu a manhaja. Je ka kara a Mai'aduwa ka tsaya bayan dillali. Mai saye ya taya, mai sa ya kau da kai ya ce albarka. Dillali ya ja wannan gefe, ya dawo ya ja wancan, har a kai inda mai dabba zai ce ya sallama. Daga wannan kalma magana ta ƙare: igiya ta koma hannun mai saye, la'ada ta shiga aljihun dillali, ba takarda ba sa hannu. In bayan kwana biyu aka ga aibin da aka ɓoye, kowa a karar ya san wa za a nema da yadda za a warware. Ko ka ɗauki falle, manomin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina ya karɓi kuɗi a kan damin geron da zai biya da kaka. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tsefe irin wannan a babin salam, wato cinikin da ake biyan kuɗi kafin a karɓi kaya: a san ma'auni, a san irin hatsin, a san lokacin biya, kuma sun yarda a sa lokacin girbi ya zama wa'adi, amma kada a ɗaure bashin a kan amfanin gona guda, don in ta ƙi mai kuɗi ya tashi a tutar babu. Baturiya Polly Hill ta zauna a Batagarawa, ta fitar da littafi a 1972 kan tattalin arzikin manoman garin har da jinginar gona, mu lauyoyin da muka tashi a nan ba mu ga abin rubutawa ba.

Akwai kuma wani ƙulli da ya fi jan hankalina. Irin waɗannan rigingimu a ƙananan kotunan shari'ar Musulunci ake fara su, amma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ga al'amuran aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Ciniki ba ya ciki. Ke nan hukuncin da alƙali ya ciro daga littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Tuhfa ko Muhtasar zai iya ƙarewa a gaban wanda da dokar Ingila aka horar da shi.

Wannan na kai wa shugabanmu na lokacin a matsayin shawarar bincike. A lokacin ina haɗa koyarwa da ɗan aikin lauya, wanda shi ke riƙe da cefanen gidana. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce: "Kai ƙanena ne, bari in faɗa maka gaskiya. Ajiye wannan yawon kotu ka zo mu yi aikin da za a daɗe ana ambatonmu. Ni zan nemo kuɗin bincike. Littafi ya fito da sunana da naka, maganar ƙarin girmanka kuma ka bar ta a hannuna." Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma." Na mayar wa mutane fayilolinsu, na bar ofishin lauyoyin da nake zama.

Shekaru na yi a kan aikin. Na bi kasuwanni daga Charanci zuwa Jibiya, na zauna a ɗakunan ajiyar kotuna ina buɗe tsofaffin rajistoci da gara ta ci gefensu, wasu da ajami aka rubuta su. Da asuba kuma ina zaure a cikin birni gaban wani dattijon malami, Allah ya jiƙansa, yana warware mini abin da Larabcina bai kai ba. A wurinsa na tsinci abin da ya zama babi na huɗu, wanda har gobe shi ne abin da na fi alfahari da shi a duk rubutuna. A dokar Ingila, alƙawarin da ba a ba da komai a madadinsa ba, ba ya ɗaure mai shi. Sai a shari'ar High Trees, wadda aka buga a 1947, Alƙali Denning ya ce mai gidan da ya rage wa ɗan haya kuɗi daga fam 2,500 zuwa 1,250 saboda yaƙi ba zai dawo ya nemi cikon shekarun yaƙin ba, tunda an dogara da maganarsa. Mu kuwa muna koyar da wannan kamar daga sama ya faɗo. Ashe mashhurin zance a mazhabar Malik shi ne, in ka yi wa mutum alƙawari a kan wani sababi, ya kuma shiga abin saboda maganarka, kamar ka ce masa rushe ɗakinka zan ranta maka kuɗin gini, ya rushe, to alƙali zai tilasta maka cikawa. Cikin manyan malaman mazhabar, Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya tattauna wannan, Haɗɗabi kuma littafi guda ya ware wa mas'alolin ɗaukar wa kai nauyi.

Ranar da shugaban namu, Farfesa, ya gabatar da laccarsa ta kama kujera, ina layi na uku. Na ji jimlolina suna fitowa daga lasifika, har da wani misali na kara da na rubuta da kuskuren sunan ƙauye, shi ma ya karanta shi da kuskurensa. Aka raba littafi a bakin ƙofa. Suna ɗaya ne a bango.

Washegari na same shi a ofis. "Ranka ya daɗe, ban ga sunana ba." Bai ɗago ba ya ce, "Haba Malam, ka duba shafin godiya mana." Na duba. Ina nan tsakanin mai buga takardu da direba, an gode mini saboda taimakawa wajen tattara bayanai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila na haɗiye. Amma da lokacin ƙarin girma ya zo, maƙalu ukun da na fitar daga aikin aka dawo mini da su ba maki, wai sun yi kama da littafin da aka riga aka wallafa. Wato ni ne ma ɓarawon. Na kai ƙorafi gaban kwamiti, aka tambaye ni takardar yarjejeniya. Wani daga cikinsu har da murmushi, ya ce malamin kwantiragi guda bai san a rubuta ba? Na ce masa, Allah ya gafarta Malam, buɗe babi na huɗu na littafin da ke gabanka, amsar tana ciki: an yi mini alƙawari a kan sababi, na rushe ɗakina. Shiru ɗakin ya yi, sannan shugaban zama ya ce a bar maganar a sasanta a cikin gida, kamar dai ni ce matar Balfour. Ba a sasanta komai ba. Takarduna suka kwana a durowa har waɗanda na koyar suka kamo ni.

Masu cewa sakacina ne, ban karɓa ba. Wane ƙaramin malami ne a ƙasar nan zai dubi shugabansa, sa'an babban wansa, ya ce ranka ya daɗe sa mini hannu a nan? Ranar za a ce ba shi da tarbiyya, kuma wannan tambarin ya fi rashin maki daɗewa. Wanda ke sama ya san ba za ka iya tambaya ba, a kan haka ya gina lissafinsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, cewa ta yi a rubuta bashi, kuma wanda bashin ke kansa shi zai yi shifta. Nauyin rubutawa ba a kan mai rauni kaɗai aka ɗora shi ba.

Duk da haka, ku ƙannena da ke ciki, ga abin da zan ce. Bayan kowace ganawa da babba, ka tura masa saƙon godiya ta imel, ka jero abin da kuka tsayar cikin ladabi. Ba zai ji haushi ba, kai kuma ka samu kwanan wata. Kowane babi ka gama, gabatar da shi a taron ƙara wa juna sani da sunanka kafin ka miƙa wa kowa. Kada ka saki aikin da ke ciyar da iyalinka saboda kujerar da ke hannun wani. Ka girmama magatakardan kotu da masu ajiyar fayil, sun fi wasu masu manyan riguna amfani ga bincike. Ka koyi Larabci ko da a zaure ne. Takardun jarrabawa kuma ka duba su da kanka, yara suna ganewa.

Littattafan da na cika da rubutun hannu a kasuwanni suna wurina, don ba da kuɗin kowa na saye su ba, kuma akwai abin da ban taɓa miƙawa ba a kan kiwo da adashi. Shi nake rubutawa yanzu da daddare, in na taso daga ɗan ofishin da na buɗe wajen Ƙofar Ƙaura. Kwanan baya aka aiko mini da takarda cewa ana haɗa kundin karramawa don ritayar Farfesa, ana neman maƙala daga kowane tsohon abokin aiki, da gudummawar kuɗin bugawa. Na amsa musu cewa tawa maƙalar tana cikin littafinsa tun tuni, daga babi na uku zuwa na shida, su ɗauka daga can.