Daga Istanbul: Karen da ke Kwance a Bakin Shagon Burodi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya iyali, ya ƙoƙari?

A ƙasan benen da nake haya a Aksaray akwai wata dattijuwa da ba ta fashin fitowa bayan asuba da gorar ruwa da ledar abincin kyanwa. Kafin ta durƙusa, maguna sun kewaye ta. Can gefe kuma wani ƙaton kare yana kwance a bakin shagon burodi, ko kai ba ya ɗagawa. Ranar da na fara ganinsa sai da na tsallaka titi, kun san mu da kare. Daga baya mai shagon ya nuna mini ɗan robar da ke maƙale a kunnensa, shaidar cewa hukuma ta kama shi, ta dandaƙe shi, ta yi masa allurar haukan kare, ta maido shi unguwarsa. Haka dokar 2004 ta tanada.

A Yulin 2024 majalisar Turkiyya ta sauya dokar, ta ce a kwashe karnukan titi a killace su. Gwamnati ta ƙiyasta sun kai miliyan 4, ga koke-koken iyayen da aka ciji 'ya'yansu. Masu ciyarwa suka fito zanga-zanga, suna tuna 1910 da aka jibge dubban karnuka a tsibirin Sivriada yunwa ta ƙarasa su.

Ni dai ban ga laifin dattijuwar nan ba, don takan tsaya a cinye, ta wanke kwanon. Wanda ke ba ni haushi shi ne mai juye ragowar shinkafa da ƙashin kaza a lungu ya yi gaba, wai ya yi sadaka. Ɓeraye su zo, ƙudaje su zo, karnuka su yi garke suna yi wa mai wucewa gurnani.

Mu a gida jifa muke yi, amma bola da mahauta suna ciyar da su kullum, ba tare da allura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. In kare ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti ranar. In aka jira har ya fara tsoron ruwa, da wuya ya tashi.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan uwanku a Istanbul