Saƙon godiya bayan aikin gwiwar Umma

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

A madadin mahaifiyarmu da ƙannena da ni kaina, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan Makka da Jidda da Madina, da na gida Najeriya da Nijar da Sudan, cewa an yi wa Umma aikin canjin gwiwar dama lafiya, an sallame ta, yanzu tana gida tana takawa da sanda. Alhamdu lillahi. Saƙonni sun yi yawa a wayata, ban samu na amsa wa kowa ba, shi ya sa na zo nan. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Duk wanda ya san Umma ya san ba mace ce mai zama ba. Shekara da shekaru da ƙafa take zuwa Harami daga Misfala, ta yi Asuba ta dawo ta ɗora tukunya. Ciwon ya fara ne da ƙara a gwiwa idan za ta ɗago daga sujada, sai kumburi, sai ƙafar ta fara karkacewa. An yi ƙaho, an shafa man zaitun da habbatus sauda, an yi gashi da ruwan zafi, an sha ƙwayoyin kashe zafi har ciki ya fara damun ta. A ƙarshe ɗawafi ya koma a keke, sallah ta koma a kujera, dare kuma ba barci.

Bayan Allah, mutum na farko da zan ambata shi ne Kawu, ƙanen Umma, wanda kowa ke kira Dakta. Ba likitan asibiti ba ne, bai taɓa rubuta wa kowa magani ba. Mai bincike ne, yana koyarwa a wata jami'a a Jidda, kuma tun yana saurayi abu ɗaya ya riƙe: guringuntsi, da yadda yake lalacewa a amosanin gaɓɓai. Idan ka rubuta sunansa a intanet, jerin maƙalu ne za su fito maka, shekara na bin shekara, kowace da sunayen abokan aikinsa a jere. A wurin biki ko suna an sha tambayarsa: "Dakta, wai duk wannan rubutun wa yake karantawa?" Mutane ba su san wahalar da ke bayan kowane layi a jerin nan ba. Za a yi wata da watanni a ɗakin gwaje-gwaje, a rubuta sakamako, a aika wa mujalla. Mujallar ta tura wa wasu masana da marubucin bai san ko su waye ba, su tsefe aikin, su dawo da shi a gyara, ko su ce bai isa a buga ba, a sake komawa ɗakin gwaji. Sai abin da ya tsallake wannan tankaɗe yake shiga jeri.

A ciwon Umma ne muka ga amfanin wannan wahala da idonmu. Ranar da aka ɗauko hoton ƙashi, Kawu ya taso daga Jidda ya tara mu, ya yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ya ce duk wadda ta taɓa gyara naman layya ta san farin abin nan mai santsi da ke kan ƙashin gaɓa. Shi ne guringuntsi, kaurinsa a gwiwar mutum milimita kaɗan ne, mafi yawansa kuma ruwa ne. Ba shi da jijiyar jini, ba shi da jijiyar jin zafi. Daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abinci, kamar soso: idan aka taka ya matse, idan aka ɗaga ƙafa ya tsotsa. Rashin jijiyar zafi ne ya sa yake cinyewa shekaru mutum bai sani ba, rashin jini kuma ya sa ba ya warkewa yadda fata ko ƙashi suke warkewa. Ya ce wani likita ɗan Sikotlan, William Hunter, ya rubuta wannan magana tun 1743, cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake, kuma har yau masu bincike da ita suke kokawa.

Sai ya nuna mana hoton. A gwiwa mai lafiya ana ganin rata tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, ratar nan ita ce mazaunin guringuntsi. A gwiwar Umma, ta ɓangaren ciki, ratar ta tafi, ƙashi na gugar ƙashi. Ya ce akwai ma'auni da wasu likitoci biyu na Manchesta a Ingila, Kellgren da Lawrence, suka wallafa a 1957, daga mataki na 0 zuwa na 4, kuma da shi ake karanta irin wannan hoto har gobe. Da muka je wurin likitan ƙashi, abin da ya rubuta a takarda shi ne mataki na 4.

Abin da ba zan manta wa Kawu ba shi ne kuɗi da lokacin da ya tsare mana. A daidai lokacin, wani mai sayar da magani yana ta kiran ƙanena, wai yana da allura da garin sha da ke tsirar da sabon guringuntsi cikin makonni, a ba shi dubban riyal. Kawu ya ce mana, a matsayinsa na wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan abin nan, har yanzu babu wani magani da hukumomin lafiya suka amince yana dawo da guringuntsin da amosani ya cinye. Ya ce gaskiya ne a 1994 wasu masana a birnin Gotenbag na Suwidin, su Mats Brittberg da Lars Peterson, sun wallafa yadda suka ɗebi ƙwayoyin guringuntsin mutum, suka raine su a ɗakin gwaji, suka mayar masa a gwiwa, a kan mutum 23. Amma wannan na wanda ya ji rauni ne a wuri ɗaya, sauran gwiwar na da lafiya, ba na dattijuwar da gaɓarta ta gama cinyewa ba. Da wata maƙwabciya ta kawo shawarar a yi "wankin gwiwa" ta ƙaramar huda, nan ma ya kawo binciken da aka yi a Huston ta Amurka a 2002 a kan mutum 180: waɗanda aka yi wa wankin ba su fi waɗanda aka yi wa tsaga a fata kawai samun sauƙi ba. Ina jin zafin masu cin kuɗin tsofaffi da alkawarin ƙarya, domin na ga yadda mai ciwo yake kama duk abin da aka miƙa masa. Ba kowane gida ne yake da irin Kawu ba, shi ya sa na tsaya na rubuta waɗannan a fili.

Shi ne kuma ya lallashi Umma ta rage nauyi kafin aiki. Ya gaya mata wani bincike na 2005, na Stephen Messier da abokansa a Amurka, ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mai wannan ciwo ya rage, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku. Umma ta yi lissafin takunta daga gida zuwa Harami, daga ranar ta rage shinkafa da shayi mai sukari. Da tsoron wuƙa ya kama ta, ya zauna kusa da ita ya ce: "Yaya, ba a kanki za a fara ba." Ya ce irin gwiwar ƙarfe da roba da ake sawa yau ta samo asali ne daga wadda John Insall da abokan aikinsa suka fara sawa a Niyok a 1974, kuma wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25. Kawu, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa wa alƙalaminka albarka. Ta hannunka muna gode wa waɗannan mutane da ba su san mu ba, ba mu san su ba, amma rubutunsu ya iso har ɗakin Umma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan amosani, miliyan 365 a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. Don haka kada ka gaji, iyayenmu mata na jiran abin da za ku gano.

Muna godiya ga likitan ƙashin da ya yi aikin, wanda bai ɓoye mana komai ba. Tun kafin a shiga ya faɗa mana cewa durƙuso kan yi wa mutane da yawa wuya bayan wannan aiki, mai yiwuwa Umma ta ci gaba da sallah a kujera. Muna godiya ga mai allurar barci, da ma'aikatan jinya 'yan Filifin da 'yan Indiya da suka riƙa kiran ta Mama, da baiwar Allah 'yar Sudan mai gashin ƙashi, wadda ta tsayar da Umma a kan ƙafarta washegarin aiki, ta kuma jure faɗanta a kwanakin da lanƙwasa gwiwa yake sa ta hawaye.

Malam liman na masallacin unguwa, Allah Ya ƙara ilimi. Maganar kujera ta fi ciwon damun Umma, tana ganin kamar sallarta ta ragu. Duk yadda ake ce mata ta yi haƙuri, ba ya shiga kamar yadda ya shiga ranar da Malam ya zo da kansa ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini: ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Tun daga ranar hankalinta ya kwanta.

Iyayenmu matan adashi, kun ba Umma ɗauka alhali ba layinta ba ne, kuka cike abin da inshora bai biya ba. Samarin unguwa da suka je asibiti don ba da jini, ko da yake ba a kai ga buƙata ba, an rubuta muku ladanku in sha Allah. Yaran da suka riƙa tura ta a keke tsakanin Safa da Marwa suna ƙin karɓar ko riyal ɗaya, Allah Ya ba ku masu yi muku. Matar ƙanena, wadda ta kwana a kujerar asibiti ta bar jaririnta a hannun maƙwabta, ke 'ya ce ba suruka ba. Maigidana da ya riƙe yara da gida ba tare da ƙorafi ba, na gode. 'Yan uwa na Kano da Damagaram da Mai Wurno da suka yi sauka da sadaka, saƙonku ya iso, Umma ta saurari muryoyinku ɗaya bayan ɗaya.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take bayan La'asar, domin da safe take zuwa gashi. Don Allah a bar kawo kayan zaƙi, har yanzu tana kan rage nauyi saboda gwiwar hagu, wadda ita ma likita yake bibiya. Keken da ta daina hawa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu suna nan a gida, duk wanda yake da mara lafiya mai buƙata ya yi mini magana ya zo ya ɗauka. A ci gaba da sa ta a addu'a. Allah Ya ba dukkan marasa lafiya lafiya, amin.

'Yarku kuma 'yar uwarku,
daga Makka.