Gaisuwar bakin get

Yau da safe ina tsaye a ƙofar makarantarmu nan Tudun Wada sai ga wani yaro ɗan aji uku a guje ya makara, amma duk da haka sai da ya ja birki ya durƙusa "ina kwana malam" sannan ya wuce, wallahi take na tuno lokacin da na je sanin makamar aikin koyarwa a Yogyakarta can Indonesiya. Su can malamai ne ke jeruwa a bakin get tun da sassafe suna jiran yara, yaro zai kama hannunka ya sunkuya ya ɗora a goshinsa, ɗaya bayan ɗaya har layi ya ƙare. Ladabi dai mu ma muna da shi alhamdulillahi, amma su malamin ne ke riga yaro zuwa, yana kiran sunansa yana murmushi, a nan ma yake gane wanda ya fito babu lafiya ko bai karya ba.

Mu kuwa in ka ga malami a get da safe to da bulala a hannu yana jiran 'yan latti. Tun ɗazu nake ta tunanin ko hedimasta zai yarda mu gwada, ko da ranar Litinin ce kaɗai.