Ƙwayoyin da suka ƙi narkar da madara

Aikina na digiri na biyu a kan ƙwayar bakteriya Pseudomonas aeruginosa ne, wadda na ware daga gyambo da ƙuna da ruwan kunne a wani asibiti a cikin garin Katsina. 'Yan fanni sun san halinta: ba ta cika damun mai lafiya ba, sai wanda wuta ta ƙona, ko mai robar fitsari, ko wanda jinya ta daɗe da kwantarwa. Gwaje-gwajen tabbatar da cewa ita ce, wato tsiro a kan cetrimide, gwajin oxidase da jure zafin digiri 42, duk sun tafi lafiya.

A farantin agar mai madara rigimar ta taso (agar shi ne abin da ake shuka ƙwayoyin a kai). Yawancin ƙwayoyin sun narkar da madarar, ka ga fili tas kewaye da su, ga koren launin nan na pyocyanin, sinadarin da ƙwayar ke fitarwa. Wasu kuwa ko gezau. Babu fili, babu launi, sai wani sheƙi a samansu kamar an zuba kalanzir a ruwa, tsakiyarsu kuma tana zagwanyewa. Mai kula da ɗakin gwajin ya ɗaga faranti ɗaya, ya ce, "Ɗiyata, wannan ƙura ce ta shiga miki. Zubar, ki sake." Na ce, "Baba, ai sun ci sauran gwaje-gwajen." Bai ko juyo ba. Lokacin hunturu ne, kowa ya yarda da zancen ƙura.

Aka zubar. Na sayi sabon agar da kuɗina, ga kuɗin man janareta don kada inkubeta ta mutu in an ɗauke wuta. Sakamako bai canja ba.

Da muka tura 'yan da suka rage aka karanta ƙwayoyin halittarsu, sai ga ɗaya daga cikinsu, mai suna lasR, a lalace. Guda ɗaya tal, cikin sama da 5,500 da aka lissafa lokacin da aka kammala karanta na nau'in PAO1 a 2000. Tun 1991 masu bincike Gambello da Iglewski suka bayyana shi. Aikinsa jin yawan 'yan'uwa: kowace ƙwaya tana fitar da wani sinadari da wata ƙwayar halittar, lasI, ke sa a haɗa, in ya taru da yawa sai furotin LasR, wanda lasR ke samarwa, ya kama shi, ya kunna elastase, mai narkar da furotin, da sauran abubuwan da ke cin naman jiki. In ya lalace babu elastase ɗin kirki, madara ta zauna yadda take. Sheƙin kuma taruwar wani sinadari ne, HHQ.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin waɗannan ba su da wuyar samu a ciwon da ya daɗe. Haɗa elastase yana cin ƙarfi, su kuwa sun huta, suna cin abin da maƙwabtansu suka narkar, kamar wanda ya zo gayya ba fartanya amma ya fi kowa cin tuwo. Gyambon da ya shekara kuwa irin wurinsu ke nan, kuma daga nan na samo yawancin waɗanda aka ce mini ƙura ce!

Don haka in ƙwayar da kuka ware ta ci oxidase, ta tsira a 42, kada rashin launi ya sa ku bari a zubar. Ku ƙara mata kwanaki, don wasu masu lalataccen lasR suna fitar da pyocyanin a makare. Ku adana kowace a gilisarin kafin ku nuna wa kowa faranti. An kuma ruwaito cewa wasunsu sun fi jure maganin kashe bakteriya ceftazidime, shi ne gwajin da ke gabana yanzu, da 'yan ƙalilan ɗin da suka tsira daga kwandon shara.